FASHIN BAƘI: Araha ba ta ado? Yadda ake ƙawata gidaje da kaba da ƙwarya a Baure, da abin da ya haɗa sana'ar da siyasa

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Amma duk wanda ya leƙa ɗakunan mata a ƙauyukan ƙaramar hukumar Baure, a ƙasar Daura ta jihar Katsina, ana jajibirin Sallah, zai yi shakkar wannan karin magana. Bango ya sha farar ƙasa, fayafayai masu launi sun jeru a jikinsa, ƙorai sun sha wanki suna zaune a cikin ragaya, an shimfiɗa sabuwar tabarma don 'yan yawon Sallah. Yawancin waɗannan kaya ba daga kanti suka fito ba. Daga gona da daji da bakin kududdufi aka samo su, hannun matan gidan kuma ya mayar da su abin kallo.

A 'yan shekarun nan da tsadar rayuwa ta sa labule da kafet da furen roba suka gagari talaka, wannan tsohuwar hanya ta kwalliya ta sake samun daraja. Sai dai araharta na da dalili, kuma dalilin ya wuce ƙofar ɗaki. Ya shafi itatuwan da ke raguwa a gonaki, da ladan aikin mata da ba a lissafa shi, da kan iyakar Najeriya da Nijar da ake buɗewa ana rufewa, da kuɗin da ke shiga asusun ƙaramar hukuma kowane wata.

Kalanda biyu ke juya kwalliyar gida

Baure na cikin ƙananan hukumomi biyar da suka haɗu suka yi masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Sandamu da Mai'adua. Ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar daga arewa, ta kuma yi maƙwabtaka da Babura ta jihar Jigawa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun kusa dubu 200, akasarinsu manoman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. A irin wannan wuri, lokacin da ake gyara gida da ƙawata shi yana bin kalanda biyu ne.

Ta farko ita ce ta noma. Damina lokacin gona ce, babu mai sararin zama saƙa, ga danshi da ke hana kaba bushewa da kyau, ga ruwa da ke wanke duk abin da aka shafa wa bango. Da kaka ta yi, sai kaya su samu: karan gero da na dawa, ciyawa ta ƙosa, duma ya nuna, kuɗi ya shigo hannu. Daga nan har ƙarshen bazara ake yaɓe da daɓe da saƙa, a nan ne kuma bukukuwan aure suka fi yawa.

Ta biyu ita ce ta watan Musulunci, wadda ke kawo Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi, wanda a Daura ke zuwa tare da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah na zagaya yanayi huɗu na shekara, ta dawo inda ta faro bayan kimanin shekara 33. A 2015 an yi Ƙaramar Sallah ranar 17 ga Yuli, a tsakiyar damina. A 2025 an yi ta ranar 30 ga Maris, cikin bazara, aka yi Babbar Sallah ranar 6 ga Yuni, daidai lokacin da magidanci ke neman kuɗin iri da taki da na rago a lokaci guda.

Wannan ya sa mace mai dabara ba ta jiran ganin wata kafin ta fara shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kabar da za ta yi faifan Babbar Sallah tun cikin hunturu take yanke ta, ta busar, ta ɗaure ta rataye a inda gara ba za ta kai ba.

Yadda ake saƙa faifai

Faifai shi ne ginshiƙin kwalliyar ɗaki a wannan yanki. Asalin aikinsa rufe ƙwarya da akushi da bakace, amma wanda aka yi wa zane mai kyau yakan koma bango ya zama ado. Abu biyu ake buƙata: kaba, wato ganyen ƙaramar goruba, da busasshiyar ciyawa mai tsawo da za ta zama ƙashin saƙar. Sai basilla da wuƙa da ruwa a ƙwarya.

Ana zaɓen kaba mai laushi daga tsakiyar kurmin, a shanya ta a inuwa domin rana mai zafi na sa ta yi gautsi. Idan ta bushe sai a tsaga ta siri-siri. Kaurin tsagin shi ke nuna irin faifan da za a samu: tsagi mai faɗi na saurin cika, siriri kuwa na cin lokaci amma ya fi fitar da zane. Kafin a fara aiki ana jiƙa tsagin don ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba.

Rini ke biyo baya. A da, ja daga karan dafi ake samunsa, wato wata irin dawa da ake nomawa saboda jan da ke jikin kubenta, wadda dukawa ma ke rina fata da ita. Rawaya daga gangamau, shuɗi daga baba, baƙi kuwa daga haɗin bagaruwa da ruwan da aka jiƙa tsatsar ƙarfe a ciki. A yau galurar kasuwa ta mamaye wannan fage, saboda ƙulli ɗaya na rina kaba mai yawa cikin ɗan lokaci, ga launuka irin su kore da ruwan hoda da rinin gargajiya ba ya bayarwa cikin sauƙi. Ana tafasa kabar a cikin ruwan rinin, a tsame, a ɗauraye har ruwan ya daina fita da launi, sannan a shanya.

Saƙar kanta daga cibiya take farawa. Masaƙiya na ɗaukar ɗan damin ciyawa mai kaurin ƙaramin yatsa, ta naɗe bakinsa da kaba, ta lanƙwasa shi ya zama ɗan ƙawanya. Daga nan take zagayawa: ta huda zagayen da ya gabata da basilla, ta zura kaba, ta naɗo ciyawar, ta ja ta tamke. Idan ciyawa ta kusa ƙarewa sai ta cusa wata a ciki, yadda kaurin ba zai canja ba. Zane na fitowa ne ta hanyar sauya launi bisa lissafi, kuma da yake kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi, dole adadin ɗinkin kowane launi ya riƙa ƙaruwa daidai gwargwado. In aka yi kuskuren ƙirge, tauraro ko dagin da ake son fitarwa sai ya karkace. Gwanaye na riƙe wannan lissafi a ka, ba tare da takarda ko alli ba.

Da irin wannan saƙa ake yin adudu da mazubin goro da matashin tukunya. Tabarma da mafici kuwa kitsa kabar ake yi: a kitsa dogon layi mai faɗin tafin hannu, sannan a ɗinke layukan gefe da gefe.

Bango da daɓe

Kafin a rataya komai sai an gyara bango. A ɗakin ƙasa ana fara toshe tsagar da damina ta bari da kwaɓin ƙasa da ciyawa. Idan ya bushe sai a jiƙa farar ƙasa ta kwana, a tace tsakuwar da ke ciki, wasu kuma su zuba ɗan ƙaro don kada ta riƙa bin tufafi. Da tsumma ko guntun tsintsiya ake shafawa, sau biyu ko uku. Ƙasan bango, inda yara ke jingina, akan ja masa layi da jar ƙasa ko shuni don ya ɓoye datti.

A manyan gidaje, musamman na sarauta da na attajirai, magina kan yi zane mai tudu a fuskar zaure tun yaɓen yana ɗanye, su fitar da dagi da takobi da sauran siffofi, kamar yadda ake gani a tsofaffin unguwannin Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. Wannan aikin maza ne kuma yana da tsada. Na cikin ɗaki na mata ne, ana yin sa da yatsa da tsinke, ana kuma sabunta shi duk shekara.

Daɓe shi ne aikin da ya fi tara mutane. Ana baza ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa mata ruwan makuba, wato ruwan da aka jiƙa ɓawon 'ya'yan ɗorawa a ciki, sannan mata su jeru da madaɓai suna bugu a tare har ƙasa ta kwanta ta yi sheƙi. Makuba na sa daɓen ya yi ƙarfi ya kuma yi duhun launi. Siminti ya rage wannan al'ada ƙwarai, ledar ɗaki kuma ta rufe abin da ya saura. Amma tashin farashin siminti ya sa ba kowane gida ke iya shafe ɗakin amarya da shi ba, ga ɗorawar ita ma ba ta da yawa a gonaki kamar da.

Ƙwarya da jere

Duma tsiro ne mai yaɗo da ake shukawa da damina a gefen gona ko a bar shi ya hau danga da rufin ɗaki. Bayan ya ƙosa ya bushe ake fafe shi gida biyu, a kwashe cikin, a kankare, a jiƙa don ɗacin ya fita. Masu zanen ƙwarya na amfani da wuƙa su sassaƙa, ko su ɗora ƙarfe a wuta su ƙona zanen a bayanta. Wasu kan goga alli a cikin sassaƙar don zanen ya fito fari. Idan ta tsage, gyartai ya ɗinke ta.

Jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya faro ne da ƙorai da akusa da tasoshin tagulla. A ƙarni na 20 kwanonin sha da kwalla da samira suka shigo daga Turai da Asiya, daga baya aka riƙa ƙera su a Najeriya, suka ture ƙwarya daga saman jere. Bayan su tangaran da kabad mai gilashi suka zo. Kowane sauyi ya ƙara wa iyayen amarya nauyi, har ta kai ana sayar da gona ko dabba, ko a ci bashi, don a fita kunyar kayan ɗaki. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Jeren ya kasance taskar mace, abin da za ta iya ɗaga wa ta sayar ranar buƙata, shi ya sa ba a raina shi. Abin da ke faruwa yanzu a gidaje da dama shi ne gauraye: 'yan kwanuka kaɗan na kanti, sauran gurbin a cike shi da aikin hannu.

Sababbin kaya a tsohuwar saƙa

'Yan mata na wannan zamani sun shigo da kayan da kakanninsu ba su sani ba. Ana warware zaren buhun taki ko na shinkafa a naɗe ciyawa da shi maimakon kaba. Ana yanka ledar biskit da ta alewa mai ƙyalli a saka cikin zane. Zaren ulu ya shiga faifan ado. Ƙyallayen da teloli ke zubarwa a makonnin ɗinkin Sallah na zama matashin kujera da abin goge ƙafa da shimfiɗar gado mai haɗe-haɗe. Kwali da gam da duwatsun ado na zama firam na hoto da mazubin fure. Da yawa daga wayar hannu suke koyo, a YouTube da TikTok, su tallata a WhatsApp.

Wannan na rage sharar da ke toshe magudanai da kashe awaki, amma yana da nasa haɗarin. Roba da takarda na kama wuta da sauri, kuma hunturu, lokacin da ake shiga da kaskon garwashi ɗaki, shi ne lokacin da gobara ta fi yawa. Faifan da aka yi da zaren buhun taki ko galurar da ke zuba na bango ne, bai dace a rufe abinci mai zafi da shi ba. Akwai kuma batun fentin mai mai araha, wanda gwaje-gwajen da aka yi a kasuwannin Najeriya suka sha gano dalma a cikin wasu nau'o'insa, musamman masu launin rawaya da ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da ba ya cutar da jikin yaro. Arewa ta san wannan guba tun annobar Zamfara ta 2010, wadda ta samo asali daga haƙar zinariya ta kuma kashe yara sama da 400. Ta wannan fuska farar ƙasa ta fi fenti marar tabbas aminci a ɗakin da ake renon jariri.

Me ya sa kayan ke da araha?

Dalili na farko shi ne ba a sa ladan aikin a cikin farashi. Mace na saƙa ne tsakanin girki da daka da reno, sa'a ɗaya nan, rabin sa'a can, don haka ita kanta ba ta ƙirga lokacin da faifai ya ci. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato kimanin naira 2,300 a rana. Idan aka ɗauki misalin faifan ado da ya ci cikakken aikin yini biyu, ladan hannu kaɗai ya haura naira 4,600, ban da kuɗin kaba da rini. Mai saye a kasuwar ƙauye da ke ciniki a kan faifai zai iya gwada tayinsa da wannan ma'auni ya ga wa ke ɗaukar asarar.

Akwai kuma tsarin sayarwa. Matan aure da yawa ba sa zuwa kasuwa, yara ko tsofaffi ke kai musu kaya. Dillali na saye da sari a ƙauye ya kai manyan kasuwanni irin ta Mai'adua da ke ci ranar Lahadi, ko Daura, ko kasuwar Kurmi ta Kano, inda baƙi ke saye da daraja. Masaƙiya ba ta san farashin ƙarshe ba, ba ta da jarin da za ta riƙe kaya har gabanin Sallah lokacin da ake nema, sau da yawa kuma buƙatar cefanen ranar ce ke yanke mata farashi.

Dalili na biyu shi ne ana ɗaukar kaba da ciyawa da farar ƙasa a matsayin kyauta daga daji. Wannan ne ɓangaren da ya fi fuskantar barazana.

Goruba da darasin ƙetaren iyaka

Goruba itaciya ce mai jure fari, mai rassa biyu-biyu, wadda ke son ƙasa mai yashi da ruwa a kusa. Kaba ƙuruciyar goruba ce. Idan aka riƙa yanke ganyen tsakiya ba hutu, tsiron ba ya samun damar yin ganga ya tashi sama, sai ya dawwama a matsayin kurmi a ƙasa, ba ya 'ya'ya, ba ya barin iri. Idan aka haɗa da sassabe da ƙone gona kafin shuka, da sare manyan itatuwa don gini da girki, da gonaki da ke cinye burtali da makiyaya, sai a ga dalilin da ya sa mai neman kaba mai kyau ke ƙara nisa.

Maƙwabtan Baure na arewa sun fuskanci wannan matsala tun da wuri. A jihar Maraɗi akwai kwarin da sunansa ma daga wannan ganye ya samo asali, Gulbin Kaba, inda dubban iyalai ke rayuwa da yankan kaba da saƙa. A farkon shekarun 1980 aka fara yaɗa wata dabara a yankin Maraɗi, wadda manoma ke kira sassaben zamani, da wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen bunƙasawa. Dabarar ba ta buƙatar dashe ko ban ruwa. Manomi na zaɓen toho mafi ƙarfi daga kututturen da ke gonarsa, ya rage sauran, ya kare shi daga wuta da dabbobi har ya zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Yankunan Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram, waɗanda suka cika da gawo, na cikin wuraren da aka fi ba da misali da su, kuma Magarya na daf da Baure.

Abin da ya sa dabarar ta kama a can shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya rena nasa ne. A Najeriya akwai shirin Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, aka kafa masa hukuma ta ƙasa a 2015, Katsina kuma na cikin jihohi 11 da ya shafa. Akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Tambayar da ta dace a yi wa masu gudanar da su ita ce ko goruba da ɗorawa da bagaruwa, itatuwan da sana'ar mata ta dogara a kansu, suna cikin abin da ake renawa, da kuma ko ana bibiyar abin da aka dasa bayan an gama ɗaukar hoton bikin dashe.

Iyaka da darajar naira

Alaƙar Baure da Damagaram ta girmi Najeriya. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19 ya kori sarakunan Haɓe daga birnin Daura, zuriyarsu ta kafa sarauta a Zango da Baure, inda suka zauna a ƙarƙashin inuwar Damagaram har zuwan Turawa, waɗanda suka shata iyaka suka kuma mayar da gidan Haɓe kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20. Masanin nan M.G. Smith ya rubuta tarihin waɗannan masarautu uku a littafinsa na 1978. Iyakar ta raba dangi da kasuwanni, amma ba ta hana tabarma da kaba da dabbobi gangarowa kudu ba, kamar yadda galura da zare da kayan roba ke haurawa arewa.

Shi ya sa kowane matakin Abuja kan iyaka ke isa har ɗakin masaƙiya. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, a Nuwamban 2019 kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa bisa takunkumin ECOWAS, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar.

A daidai wannan lokaci aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a Yuni, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Wannan ya yi wa sana'ar kaifi biyu. Furen roba da labulen da ake shigowa da su daga Sin sun yi tsada, masu saye suka waiwayi aikin gida. Amma galura da ulu da gam su ma da dala ake shigo da su, kabar da ta ƙetaro daga Nijar da sefa ake lissafa ta, kuɗin mota zuwa kasuwa kuma ya ninka.

Wa ke da alhakin me?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da kula da su, ya kuma ba su rawa a ilimin manya da na koyon sana'a da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, don haka matashin Baure na iya duba adadin ya tambayi kansilansa da shugaban ƙaramar hukuma nawa ne ya tafi rumfunan kasuwa da koyar da sana'a.

A matakin jiha, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i kafin ya hau mulki a 2023, gwamnatinsa kuma ta kafa hukumar KASEDA don wannan aiki. A matakin tarayya, an ƙirƙiri ma'aikatar fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a 2023, aka ba Hannatu Musawa, 'yar jihar Katsina. Ma'aunin da za a gwada waɗannan ofisoshi da shi shi ne ko tallafinsu na isa ga macen da ba ta da rajistar kamfani, ba ta da asusun banki, ba ta kuma fita daga gida.

Wasu ƙasashen sun nuna abin da ke yiwuwa. Kwandunan Bolgatanga na arewacin Ghana, waɗanda ake saƙawa da ciyawa, sun shiga kantunan Turai da Amurka ta hannun ƙungiyoyin masaƙa da ke sayarwa a dunƙule. Ruwanda ta sa kwandonta na agaseke a tambarin ƙasa, ta kuma haramta ledar cefane a 2008. A duka biyun abin da ya yi aiki shi ne haɗa masaƙa cikin ƙungiya, daidaita girma da inganci, da yin ciniki kai tsaye da mai saye. A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano a jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, abin da ya ƙara wa masu kayan doki da dukawa martaba. Kwalliyar da mata ke yi a cikin gida don wannan Sallar ba ta samu ko da ƙidaya ba.

Abubuwan da za su sauya lissafin ba manyan kwangiloli ba ne. Rumfa a kasuwar mako da ƙungiyar mata za ta riƙa ajiye kaya ta sayar da sunanta, ɗan jari mai juyawa da zai ba su damar sayen rini da sari su riƙe kaya har lokacin Sallah, yarjejeniya tsakanin masu unguwanni da manoma da makiyaya kan barin wasu kurmin kaba su girma su zama goruba, da matasa masu waya da za su ɗauki hoton kayan iyayensu mata su sa farashin da ya ƙunshi ladan aiki. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai bi ta Daura, ga kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri da aka kafa a garin suna kawo baƙi da ɗalibai. Kasuwa na matsowa kusa da Baure. Ko ribar za ta tsaya a hannun dillalai ko za ta kai ga mai basilla, wannan ya danganta da tambayoyin da matasan yankin za su yi wa masu neman ƙuri'arsu.